Gab da Ɗaukewar Haila: Me Ya Sa Jikin Wasu Mata Ba Ya Jure Furojestaron?

Gabatarwa

Darasin haihuwa da ake koyarwa a ajin ilimin halittu na makarantun sakandare yakan faro ne daga balaga, ya bi ta kan haila da ɗaukar ciki, ya tsaya a kan haihuwa. Ba kasafai ake ƙarasawa zuwa ɗaya ƙarshen ba, wato lokacin da ma'ajiyar ƙwai ta mace take rage aiki har ta daina. Alhali kuwa duk 'ya macen da ta yi tsawon rai sai ta ratsa wannan zango. Da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla suna zaune gida ɗaya da uwa ko goggo ko inna da ke cikinsa, wasu malamai mata kuma su da kansu ne ke ciki.

Domin mu fahimci matsalar da wannan darasi zai tattauna, bari mu ƙaddara wata malama mai shekara 47. Hailarta ta rikice, zafi yana taso mata daga ƙirji zuwa fuska, gumi yana tashinta cikin dare. Ta je asibiti, likita ya rubuta mata magani iri biyu: man da za ta riƙa shafawa a fata kullum, da ƙwayar da za ta sha kwana 12 a kowane wata. Makonni biyun farko ta ji kamar an sauke mata kaya. Amma kwana uku da fara shan ƙwayar sai ƙunci ya rufe ta, ta riƙa fushi ba dalili, cikinta ya kumbura, mamanta ya yi tsami. Da ta gama ƙwayar, jini ya zo, sai komai ya lafa. Wata na biyu ma haka. Sai ta yanke shawara ita kaɗai: za ta ci gaba da man da ke yi mata daɗi, ta ajiye ƙwayar da ke wahalar da ita.

A ido, wannan shawara ta yi kama da hankali. A ilmance kuwa tana da haɗari ƙwarai. Wannan darasi zai bayyana dalili, sa'annan ya nuna hanyoyin da masana suka samo don irin wannan malama.

Manzanni biyu na jikin mace

Jikin ɗan Adam yana aika saƙo ta hanya biyu. Akwai saƙon jijiya mai saurin gaske, akwai kuma saƙon da ke bin jini, wanda wasu sinadarai ke ɗauka. Irin waɗannan sinadarai su ake kira homon, sunan da masanin nan na Ingila, Ernest Starling, ya fara amfani da shi a 1905. Kowane homon tamkar mabuɗi ne. Jini yana zagawa da shi ko'ina, amma ba ya aiki sai a ƙwayar halittar da ke da kwaɗon da ya dace da shi. Wannan kwaɗo shi za mu riƙa kira makarɓa.

Ma'ajiyar ƙwai tana samar da manyan homon guda biyu, istirojin da furojestaron. Idan muka ɗauki zagayen haila mai kwana 28, a rabin farko ƙwai yana nuna a cikin 'yar jakarsa, jakar kuma tana fitar da istirojin. Aikin istirojin a mahaifa shi ne gini: yana sa ƙwayoyin shimfiɗar cikin mahaifa su yi ta rarrabuwa, shimfiɗar ta yi kauri. Wajen kwana na 14 ƙwai ya fita. Jakar da ya bari sai ta rikiɗe ta zama wani ɗan ƙulli mai launin ruwan ɗorawa, shi ne ke fitar da furojestaron na kimanin mako biyu. Furojestaron yana tsayar da rarrabuwar ƙwayoyin, ya nunar da shimfiɗar, ya shirya ta karɓar ciki. Idan ciki bai shiga ba, ƙullin ya yanƙwane, homon biyun su sauka, shimfiɗar ta zube. Wannan zubewa ita ce haila.

Abin lura a nan shi ne, istirojin yana gini, furojestaron yana cewa ya isa. Duk abin da zai biyo baya a wannan darasi ya rataya ne a kan wannan.

An daɗe kafin a kai ga furojestaron. A 1929 George Corner da Willard Allen na Jami'ar Rochester ta Amurka suka nuna cewa ruwan da aka tace daga wancan ƙulli yana riƙe cikin zomanya ko da an cire mata ma'ajiyar ƙwai. A 1934 ƙungiyoyin masana huɗu, a Turai da Amurka, suka tace sinadarin tsantsarsa. Da farko yana da tsadar gaske. Sai a shekarun 1940 Russell Marker ya gano yadda za a sarrafa shi daga wata doyar daji ta ƙasar Meziko. A birnin Meziko ɗin ne kuma, a 1951, Carl Djerassi da Luis Miramontes da George Rosenkranz suka ƙirƙiro noretisteron, ɗaya daga cikin sinadaran farko masu kwaikwayon furojestaron da ake iya haɗiya. Ya kamata mai karatu ya kula: a ɗakin bincike ake juya sinadarin doyar. Jikin mutum ba ya iya wannan juyi, saboda haka cin doya ko shafa man doyar daji ba ya ba mace furojestaron.

Abin da ke faruwa gab da ɗaukewar haila

Ana haihuwar 'ya mace da ƙwai miliyan 1 zuwa 2. Kafin ta balaga sun ragu zuwa kimanin 300,000 zuwa 400,000. Waɗanda za su nuna su fita a duk rayuwarta ba su wuce 400 zuwa 500 ba, sauran narkewa suke yi a hankali. Idan suka kusa ƙarewa, haila ta ɗauke. Ana cewa ta ɗauke ne idan mace ta yi wata 12 a jere ba ta ga jini ba, ba don ciki ko wata cuta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata suna kaiwa wannan mataki tsakanin shekara 45 da 55.

To, amma ba dare ɗaya abin ke faruwa ba. Akwai shekaru kafin nan, sau da yawa huɗu ko fiye, da za mu kira lokacin gab da ɗaukewa. Mutane da yawa suna zaton istirojin yana sauka ne sannu a hankali kamar ruwan rijiya da rani. Bincike ya nuna cewa hawa da sauka yake yi ba tsari, wani watan ma ya zarce abin da mace ta saba da shi tun tana budurwa, wani watan ya faɗi ƙasa. Bugu da ƙari, akwai watannin da ƙwai ba ya fita sam. Idan ƙwai bai fita ba, babu ƙulli mai ruwan ɗorawa, babu furojestaron ke nan. Shimfiɗar mahaifa sai ta yi ta kauri, in ta tashi zubewa ta zo da yawa. Dalili ke nan da ya sa mata da yawa ke fama da zubar jini mai yawa a wannan lokaci.

Sauran alamomin sun haɗa da tasowar zafi, gumin dare, rashin barci, bugun zuciya, ciwon gaɓoɓi, mantuwa, sauyin hali da bushewar gaba. Wani babban nazari da aka yi a kan matan Amurka, wanda aka buga sakamakonsa a 2015, ya gano cewa ga masu yawan fama da tasowar zafi, matsakaicin daɗewarsa ya haura shekara 7, ga mata baƙar fata kuma ya kai kimanin shekara 10.

A 2015 hukumar tsara ƙa'idojin jiyya ta Ingila ta shawarci likitoci da su gane wannan lokaci ta hanyar alamomi ga macen da ta haura shekara 45, ba sai an auna homon a jini ba, tun da awon yau zai iya saɓa wa na gobe. Sai dai a ƙasashenmu wajibi ne likita ya fara kawar da wasu abubuwa masu kama da shi. Zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka suna kawo gumin dare, ƙarancin jini yana kawo kasala da bugun zuciya, haka ma cutar tayirod da ke maƙogwaro. Ciki ma yana iya shiga a wannan shekaru.

Maganin homon da darasin 1975

Magani mafi ƙarfi ga tasowar zafi da gumin dare shi ne a mayar wa jiki da istirojin. A 1942 Amurka ta amince da Premarin, istirojin da ake tacewa daga fitsarin goɗiya mai ciki. A 1966 wani likita mai suna Robert Wilson ya fitar da littafin da ya kambama wannan magani, mata miliyoyi suka rungume shi. A lokacin istirojin kaɗai ake bayarwa.

A ƙarshen 1975 aka buga rahotanni biyu a wata babbar mujallar likitanci ta Amurka, ɗaya na Harry Ziel da William Finkle, ɗaya na Donald Smith da abokan aikinsa. Duka biyun sun nuna cewa sankarar shimfiɗar mahaifa ta ninka sau da yawa a tsakanin matan da ke shan istirojin shi kaɗai. Wanda ya fahimci sashen da ya gabata ba zai yi mamaki ba: an saki mai gini, babu mai cewa ya isa. Ƙwayoyin da ke ta rarrabuwa ba tsayawa sukan yi kaurin da ya wuce kima, daga nan wasu su sauya kama, daga nan sai sankara.

An tabbatar da wannan a wani gwaji da aka yi a Amurka da mata 875, wanda sakamakonsa ya fito a 1995 da 1996. Cikin shekara uku, fiye da kashi 60 cikin 100 na masu mahaifa da aka ba istirojin kaɗai sun sami kaurin shimfiɗa fiye da kima. Waɗanda aka haɗa musu da furojestaron ko ɗan'uwansa na ƙirƙira kuwa ba su bambanta da waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a cikinta ba. Daga irin waɗannan bincike ne aka kafa ƙa'idar da ake bi har yau: duk macen da ke da mahaifa, idan za a ba ta istirojin mai zaga jiki, dole a haɗa mata da abin da zai kare shimfiɗar mahaifarta. Ƙwayar da malamarmu ta ajiye, ita ce mai gadin mahaifarta.

Rashin jure furojestaron

Sinadaran da ke wannan gadi iri biyu ne. Akwai furojestaron wanda ƙirarsa daidai take da na jiki, wanda ake niƙawa ya yi laushi ƙwarai don hanji ya iya tsotsa, kamar Utrogestan da aka fara sayarwa a Faransa a 1980. Akwai kuma na ƙirƙira, waɗanda ake kira furojestin. Waɗannan ba baƙi ba ne a asibitocin Nijeriya da Nijar. Su ne ke cikin allurar tazarar haihuwa ta Depo-Provera, da 'yan sandunan da ake sawa a dantse irin su Jadelle da Implanon, da ƙwayar Primolut N da wasu mata ke sha don jinkirta haila lokacin aikin Hajji.

Yawancin mata suna shan waɗannan ba tare da wata damuwa ba. Amma ƙiyasin da likitoci suka saba ambatawa shi ne, mace 1 zuwa 2 cikin 10 na masu amfani da maganin homon ba sa jure ɓangaren furojestaron. Likitoci biyu na Landan, Nick Panay da John Studd, sun yi dogon sharhi a 1997 inda suka nuna cewa wannan yana cikin manyan dalilan da ke sa mata su watsar da maganin.

Alamomin kashi uku ne. Na farko na hali: ƙunci, fargaba, saurin fushi, kuka ba dalili, kasa tattara hankali. Na biyu na jiki: kumburin ciki, tsamin mama, ciwon kai, jiri da yawan barci. Na uku na fata: ƙuraje da maiƙon fuska, waɗanda suka fi zuwa da furojestin ɗin da aka samo daga dangin homon na maza, kamar noretisteron da lebonojestirel. Wannan ya faru ne domin mabuɗin ƙirƙira yakan buɗe wasu kwaɗuna ban da nasa.

Hanta da ƙwaƙwalwa

Me ya haɗa homon na mahaifa da fushi ko ƙunci? A 1941 Hans Selye, wanda ke aiki a birnin Montreal na Kanada, ya lura cewa idan aka yi wa ɓera allurar furojestaron mai yawa sai ya yi barci kamar an sa masa maganin tiyata. An ɗauki shekaru 45 kafin a fahimci sirrin. A 1986 Maria Majewska da abokan aikinta a Amurka suka nuna cewa jiki yana juya furojestaron ya zama wani sinadari, alofiregnanolon, wanda ke aiki a kan makarɓar GABA a ƙwaƙwalwa. GABA shi ne birkin ƙwaƙwalwa, mai rage hayaniyar jijiyoyi. A kan wannan makarɓa ce barasa da wasu magungunan barci suke aiki.

Duk abin da aka haɗiya, daga hanji hanta yake fara zuwa kafin ya shiga sauran jiki. A hanji da hanta ake juya kaso mai yawa na furojestaron zuwa alofiregnanolon. Shi ya sa ƙwayar ke sa barci, shi ya sa kuma ake cewa a sha ta da dare. Ga mata da yawa wannan alheri ne, domin barcinsu yakan gyaru. Ga wasu kuwa birkin yakan yi aiki a juye. Torbjörn Bäckström da abokan aikinsa na Jami'ar Umeå a Suwidin sun shafe shekaru suna nazarin wannan. Sun gano cewa ga irin waɗannan mata ɓacin rai ya fi tsanani idan sinadarin yana matsakaici a jini, daidai da yadda yake a rabin ƙarshe na zagayen haila, ya kuma yi sauƙi idan ya yi ƙasa ƙwarai ko ya yi sama ƙwarai. Furojestin na ƙirƙira ba duka ne ke bin wannan hanya ba, amma su ma suna da makarɓa a ƙwaƙwalwa, suna kuma iya taɓa hali.

Gwajin da ya fi fayyace al'amarin shi ne na Peter Schmidt da David Rubinow da abokan aikinsu a cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta gwamnatin Amurka, wanda aka buga a 1998. Sun ɗauki mata masu tsananin ɓacin rai kafin haila, da mata marasa wannan matsala, suka ba su allurar da ke dakatar da aikin ma'ajiyar ƙwai na ɗan lokaci. Waɗanda alamominsu suka ɓace sai aka mayar musu da istirojin ko furojestaron daidai gwargwadon na jiki. Alamomin suka dawo musu. Matan da ba su da matsalar tun asali kuwa ba su ji komai ba. Ma'ana, yawan homon ɗaya ne, amsar ƙwaƙwalwa ce ta bambanta. Don haka awon jini ba ya nuna wannan matsala, kuma macen da ke fama da ita ba raki take yi ba, ba kuma mugun hali ne ya same ta ba.

Matan da suka fi fuskantar haka su ne waɗanda suka saba da tsananin ɓacin rai kafin haila, da waɗanda suka yi ciwon ƙunci bayan haihuwa, da waɗanda halinsu ya taɓa sauyawa sa'ad da suka yi allura ko suka sha ƙwayar tazarar haihuwa. Duk mai irin wannan tarihi ya kamata ta faɗa wa likita tun kafin ya rubuta magani.

Yadda ake ganewa

Kayan aikin ganewa takarda ce da alƙalami. Mace za ta ja layi na kwanakin wata, kullum ta rubuta ko ta sha ƙwayar, ko ta ga jini, sa'annan ta ba kowace alama maki daga 0 zuwa 3. Bayan wata biyu ko uku, idan maki yana hawa a kwanakin ƙwayar yana sauka bayan an gama, to an kama bakin zaren. Ana son a ɗan yi haƙuri na wata uku idan alamomin masu sauƙi ne, domin da yawa sukan lafa da kansu. Amma abu biyu ba sa jira. Idan mace ta fara tunanin kashe kanta ko cutar da kanta, a kai ta asibiti a ranar. Haka kuma idan ta ga borin jini, kumburin fuska ko sarƙewar numfashi. Wannan na biyun wata matsala ce dabam, wato garkuwar jiki ce ta ƙi maganin ko man da aka haɗa shi da shi. Wasu kamfanoni da man gyaɗa suke haɗa ƙwayar, wasu kuma akwai sinadarin waken soya a ciki.

Hanyoyin da likita zai iya bi

Hanya ta farko ita ce sauya iri. Wadda ba ta jure noretisteron ba tana iya jure furojestaron mai kama da na jiki, ko daidurojestaron da ake sayarwa da sunan Duphaston, ko durosfirenon wanda ke rage taruwar ruwa a jiki. Ƙin iri ɗaya ba ya nufin ƙin duka.

Hanya ta biyu ita ce sauya mashiga. Idan aka sa ƙwayar furojestaron ta gaba maimakon a haɗiye ta, tana isa mahaifa ba tare da ta fara bi ta hanta ba, sai alofiregnanolon da ke kaiwa ƙwaƙwalwa ya ragu. A ƙasashe da yawa ba a yi wa maganin rajista don wannan amfani ba, saboda haka likita ne kaɗai zai tsara shi. Shafa furojestaron a fata kuwa ba ya isa ya kare mahaifa.

Hanya ta uku ita ce robar mahaifa mai homon, kamar Mirena, wadda Tapani Luukkainen na ƙasar Finlan ya jagoranci ƙirƙirarta, aka fara sayar da ita can a 1990. Tana ɗauke da miligiram 52 na lebonojestirel, tana sakin kimanin maikirogiram 20 a rana, wato kashi 1 cikin 50 na miligiram, kai tsaye a kan shimfiɗar. Ana dogara da ita wajen kare mahaifa har shekara 5. Ga mai gab da ɗaukewar haila tana da amfani uku: kariya, rage zubar jini, da hana ɗaukar ciki. Duk da haka ɗan kaɗan yana shiga jini, kuma akwai matan da ko wannan ba sa jurewa.

Hanya ta huɗu ita ce sauya tsari. Wadda ke ganin haila akan ba ta miligiram 200 na furojestaron kwana 12 zuwa 14 a wata. Wadda ta shekara ba ta gani ba akan ba ta miligiram 100 kowane dare ba hutu, kuma wasu mata sun fi jin daɗin wannan domin babu hawa da sauka. Idan abin ya ƙi, ƙwararren likita yana iya rage kwanakin, ko ya mayar da shan ƙwayar sau ɗaya a wata uku. Amma duk ragi a nan ragi ne a kariya, don haka sai an haɗa da ƙaramin awo na istirojin, da ɗaukar hoton mahaifa a kai a kai, wani lokaci har da ɗebo ɗan yanki na shimfiɗar a duba.

Hanya ta biyar ita ce magungunan da ba su buƙatar ƙarin furojestaron. A 2013 Amurka ta amince da haɗin istirojin da bazedoksifin, sinadarin da ke toshe makarɓar istirojin a mahaifa. Akwai kuma tibolon. Waɗannan biyun na matan da hailarsu ta riga ta ɗauke ne. Idan kuwa bushewar gaba ce kaɗai damuwar, ɗan ƙaramin istirojin da ake sawa a wurin ya wadatar, kuma ba ya buƙatar mai gadi domin abin da ke shiga jini ƙalilan ne.

Hanya ta shida ita ce barin homon baki ɗaya. Wasu magungunan ciwon ƙunci, kamar faroksetin da benlafaksin, suna rage tasowar zafi, haka ma gabafentin. A 2023 Amurka ta amince da fezolinetan, wanda ke aiki kai tsaye a kan jijiyoyin da ke daidaita zafin jiki a ƙwaƙwalwa, sai dai yana buƙatar awon hanta. Jiyya ta hanyar tattaunawa da masanin halayyar ɗan Adam tana taimakawa wajen barci da juriya. Rage ƙiba, barin taba da motsa jiki suna da amfani ko da wane magani ake sha.

Hanya ta ƙarshe ita ce tiyatar cire mahaifa, wadda bayanta akasari istirojin kaɗai ake bayarwa. Babban aiki ne mai nasa haɗari, ba a kuma komawa baya, saboda haka sai an gwada sauran duka.

Awon amfani da haɗari

A watan Yuli na 2002 aka dakatar da wani babban gwaji a Amurka mai mata 16,608, waɗanda aka ba rabinsu Premarin haɗe da irin furojestin ɗin da ke cikin Depo-Provera. An sami ƙarin masu sankarar mama kimanin 8 cikin kowace mace 10,000 a shekara, da ƙarin gudan jini a jijiya da shanyewar ɓarin jiki. Tsoro ya kama duniya, mata da yawa suka daina magani. Daga baya aka lura cewa matsakaicin shekarun matan gwajin 63 ne. Matsayar manyan ƙungiyoyin likitoci ita ce, ga lafiyayyar mace mai alamomi masu takurawa, wadda ba ta kai shekara 60 ba ko ba ta wuce shekara 10 da ɗaukewar haila ba, amfanin yakan rinjayi haɗarin. Istirojin da ake shafawa ko mannawa a fata kuma bai kai na haɗiya kawo gudan jini ba. A watan Nuwamba na 2025 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sanar da cire yawancin manyan gargaɗin da ke jikin kwalayen waɗannan magunguna, amma ta bar gargaɗin sankarar mahaifa a kan istirojin mai zaga jiki da ake sha shi kaɗai.

Maganin homon bai dace da kowa ba. Wadda ta taɓa yin sankarar mama, ko gudan jini a jijiya, ko shanyewar ɓarin jiki, ko take da ciwon hanta, ko zubar jinin da ba a san dalilinsa ba, sai ƙwararre ya duba ta. Ban da robar mahaifa, maganin ba ya hana ɗaukar ciki. Kuma duk jinin da ya zo bayan an shekara ba haila, ko ɗigo ne, na zuwa asibiti ne.

Kammalawa

Mu koma ga malamarmu. Wahalar da ta sha gaskiya ce, tana da tushe a hanta da ƙwaƙwalwa. Kuskurenta shi ne ta ajiye ƙwayar ta ci gaba da man, domin kaurin shimfiɗar mahaifa ba ya ciwo, yana iya yin shekaru ba a sani ba. Abin da ya dace shi ne ta ɗauki takardar da ta rubuta alamominta ta koma wa likitan mata, su zaɓi wani iri, ko wata mashiga, ko wani tsari. Idan duk sun ƙi, a sauke istirojin ɗin ma a koma ga magungunan da ba na homon ba. Haka kuma kada wata ta sayi istirojin a kemis don ta ji ƙawarta ta ji daɗinsa. Ɗalibin da ya fahimci wannan darasi yana iya zama sanadin da uwarsa ko goggonsa za ta koma asibiti a kan lokaci.

Tambayoyin nazari

1. Zana zagayen haila mai kwana 28, ka nuna inda istirojin da furojestaron suke hawa da sauka.
2. Me ya sa watan da ƙwai bai fita ba yake iya ƙarewa da zubar jini mai yawa?
3. Bayyana abin da gwajin 1998 ya koyar game da bambanci tsakanin yawan homon da amsar da jiki ke bayarwa.
4. Me ya sa furojestaron da aka haɗiya ya fi sa barci a kan wanda bai bi ta hanta ba?
5. Idan an sami ƙarin masu cuta 8 cikin 10,000 a shekara, kashi nawa ke nan cikin 100? Tattauna da malaminku yadda ya kamata a bayyana wa jama'a irin wannan adadi.